Ruwan Sha da Guba a Tsakar Gida: Abin da Ya Auku a Anka da Bukkuyum

A al'adar Bahaushe ido da hanci da harshe su ne alƙalan ruwa. In ruwa ya yi garau, ba ya wari, ba ya da ɗanɗanon kanwa, to ya shawu. In kuwa ya gurɓace, sai a bar shi ya kwanta a randa, ko a tace shi da ƙyalle. Wannan dabara ba abar rainawa ba ce, domin tacewa da ƙyalle tana cikin manyan makaman da aka yaƙi kurkunu da su. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da aka samu da shi a 2008 ne, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Amma akwai ɓacin ruwa da ba ya ganuwa, ba ya sansanuwa, tacewa da tafasawa kuma ba su yi masa komai. Irinsa ne ya bayyana a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara.

A watan Maris na 2010 ne labari ya iske ƙungiyar likitocin nan ta MSF cewa yara ƙanana suna mutuwa a wasu ƙauyuka fiye da kima. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga ta kama shi, ya suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma maganinsu bai yi tasiri ba. Sai da aka auna jinin yaran aka gane dalma ce. Binciken da aka yi gida gida a ƙauyuka biyu a watan Mayu na shekarar ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Jimlar yaran da annobar ta kashe an ƙiyasta ta kai 400 ko fiye.

To ina dalma ta fito a ƙauyen manoma? Amsar tana ga zinariya. Bayan 2008 farashinta ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, sai mutanen Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu suka duƙufa ga haƙo dutse. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen da suka tarar yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Da a bakin rami aka tsaya sarrafa shi, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Amma sai aka riƙa kawo shi gida cikin buhuna. Mata suna fasa shi a tsakar gida, da goyo a baya, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Injin niƙa yana mayar da shi gari, ƙura tana tashi tana sauka a kan tabarma da ƙwarya da shanyar hatsi. Daga nan a wanke garin a bakin tafki ko kusa da rijiya, a zuba masa zaiba don ta kama zinariyar, a ƙona. Kowane mataki da gubarsa.

A nan ya kamata a tsaya a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Ruwa yakan ɓaci da ƙwayoyin cuta, kamar na amai da gudawa da na taifot, waɗanda kan shiga rijiya in an haƙa ta kusa da masai, ko in ana yar da guga a ƙasa sa'an nan a zura shi. Waɗannan masu rai ne, saboda haka wuta tana kashe su. Dalma kuwa ma'adini ce, ba ta da ran da za a kashe. Wanda ya tafasa ruwa mai dalma tururi kawai ya kora, dalmar na nan, ta ma ƙara kauri a ɗan abin da ya rage. Ma'aikacin lafiyar da bai san wannan bambanci ba zai shiga ƙauye yana wa'azin tafasa ruwa, jama'a su bi shi da zuciya ɗaya, yara kuma su ci gaba da mutuwa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikurogiram 10 na dalma a kowace lita, watau kashi 10 cikin biliyan, abin da babu idon da zai gani.

Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya da suka auna ruwan yankin a 2010 sun tarar wasu rijiyoyi sun haura wannan iyaka, haka ma tafkunan da dabbobi ke sha. Abin lura shi ne alamu sun nuna gubar daga sama ta faɗa, ta hanyar ƙura da aikin da ake yi a bakin rijiya, ba daga idon ruwan ta ɓullo ba. Ke nan daɓe da marfi, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, da sun tsare da yawa daga cikinsu. Duk da haka ruwa ba shi ne babbar ƙofar gubar ba. Ƙasar tsakar gida ce. Yaro mai rarrafe hannunsa kullum tsakanin ƙasa da baki yake, kuma hanjinsa yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da na babba ke tsotsewa. Shi ya sa iyayen da suka yi aikin da hannunsu suka rayu, 'ya'yan da ba su san zinariya ba suka tafi. Waɗanda suka tsira ma ba duka suka tsira lafiya ba, domin illar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. (Ba a bakin ma'adinai kaɗai wannan haɗari yake ba: kwallin gargajiya da ake ranɗa wa jarirai sau da yawa daga dutsen dalma ake yin sa.)

Magani ya zo ta fuska biyu, kuma tilas ɗaya ta riga ɗaya. Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Saboda haka sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama, ana kwashe ta zuwa ramukan da aka tanada a bayan gari, ana shimfiɗa sabuwa. Masarautu kuma suka hana kawo dutse cikin gida. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta, domin kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari sun daɗe ba su fito ba, yara kuwa suna zaune cikin gubar duk tsawon jiran. Wannan jinkiri ba na likita ba ne, na ofis ne.

A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu ta hanya iri ɗaya. A Zamfara kuwa sai a 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar, bayan kusan shekara goma sha biyu tana jinyar yaran.