Lauya, mai tsaya ma wanda aka kama

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Madawa da Buza da Keta, kowace shekara idan kaka ta yi ana samun rigima tsakanin mai gona da mai dabbobi. A watan Nuwamba na shekarar 2016 an yi irin wannan faɗa a Bangi, cikin ƙasar Madawa. Aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu. Bayan irin wannan faɗa jandarmomi suna kama mutane. Cikin waɗanda aka kama akwai mai laifi, ana iya samun kuma wanda bai ji ba bai gani ba. To, wa zai tsaya ma mutumin ƙauye gaban alƙali, tun da da Faransanci aka rubuta takardun shari'a?

Wannan shi ne aikin lauya, wanda ake ce ma avoka da Faransanci. Shi ne ke sa baƙar riga a kotu, ana kiransa Metir. Wasu na cewa lauya maƙaryaci ne da ake biya. Ba haka ba ne. Doka ta ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Lauya yana karanta takardun da jandarma suka rubuta, ya ga mutum a gidan kaso, ya yi ma shaidu tambaya. Idan babu hujja sai ya nemi a sake shi. Idan ya yi laifin sai ya nemi sassauci. Abin da ka gaya mashi asiri ne, doka ta hana shi faɗa ma kowa.

Yaya ake zama lauya? Hanyar tana da tsawo. Yaro zai yi shekara 6 a lakwal ta firamare, 4 a kwalej, 3 a lise, ya samu bak. Sannan ya yi shekara 5 yana karatun doka a jami'a. Shekara 18 ke nan. Daga nan sai jarrabawar shiga aikin, wadda ake kira CAPA. Idan ya ci sai ya yi rantsuwa gaban kotun ɗaukaka ƙara, ya zauna shekara 3 hannun wani babban lauya yana koyon aiki. Can baya sai yaro ya tafi Yamai ko wata ƙasa. A shekarar 2010 aka kafa jami'ar Tawa, kuma ana koyar da doka a cikinta.

Ga inda matsala take. Mafi yawan lauyoyin ƙasarmu a Yamai suke zaune, wajen kilomita 500 daga Madawa. Ɗauko lauya daga can sai mai hali. Shi ya sa a shekarar 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa ƙarfi da ƙananan yara a gaban shari'a. Inda babu lauya, akan naɗa wani mai ilimi ya kare mutum, ba tare da ya biya ko dala ba.

Ku riƙe wannan da kyau. Dokar ƙasashen UEMOA ta shekarar 2014 ta ba lauya izinin tsaya ma mutum tun ranar da aka kama shi, ba sai an kai shi kotu ba. Idan an kama ɗan uwanka, ka tafi kotun garinku ka tambayi yadda ake neman taimakon ANAJJ. Kada ya dangwala yatsa bisa takarda sai an fassara mashi ita da harshen da yake ji. Kada ka saida sa ko akuya ka ba ɗan tsakani da ya ce ya san alƙali.

Sannan mu bar yaranmu, maza da mata, su ci gaba da karatu. Yaron da ya tashi cikin gona ko bayan garke ya san burtali, ya san yadda ake kimanta ɓarna. Idan ya zama lauya, zai ji maganar mutanensa ba tare da tafinta ba.