Lissafin Albashin Yara: Aikin da Ke Jiran Maigida Kafin 31 ga Janairu

A kowace shekara idan sanyin hunturu ya shigo, za ka tarar falke ya san adadin shanun da ya loda daga Sinkase ko Kunjoware zuwa karar Adetikope kusa da Lome, ya san abin da ya biya duwan, har la'adar dillali bai manta ba. Amma tambaye shi nawa ya biya direbansa daga Janairu zuwa Disamba, sai ka ji ya ce, "Ai muna ba shi." To, hukuma a Togo ba ta karɓar wannan amsa. Wannan bayani domin 'yan'uwanmu ne masu gida ko shago a Sokode da Dapango, waɗanda ke da yara masu ɗaukar albashi a wata.

Ofis biyu ne maigida ke hulɗa da su. Na farko shi ne OTR, hukumar tara kuɗin shiga da aka kafa da dokar shekarar 2012, ta haɗa duwan da lanho a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ita ke ba da lambar mai biyan haraji da ake kira NIF, ita kuma ke karɓar harajin da ake yanka daga albashi. Na biyu shi ne CNSS, wato kes ɗin ma'aikata, mai kula da fansho, da kuɗin iyali, da hatsarin wurin aiki. Dukansu suna da ofis a Sokode da Dapango, saboda haka ba sai an niƙi gari zuwa Lome ba.

Abin farko shi ne maigida ya tantance wane ne ɗan albashi. Direban babbar mota, da yaron mota, da maigadin turke, da malamin da ke riƙe littafi, da makiyayin da ake biya a wata, duk ma'aikata ne. Dillali kuwa da ke cin la'ada kan kowace saniya, yau yana tare da kai gobe yana tare da wani, shi ba ɗan albashinka ba ne. A buɗe masa shafinsa daban. Kuma ko kai mutumin Maradi ne ko Katsina, matuƙar a Togo kake da gida ka ɗauki yaro aiki a nan, dokar nan ce ke hawa kanka.

Ga yadda lissafin yake. Tun 1 ga Janairu 2023, albashi mafi ƙanƙanta a Togo ya tashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a wata. Kes na karɓar kashi 21.5 cikin ɗari na albashi: maigida ya ba da 17.5 daga aljihunsa, a yanki 4 daga na yaro. Daga Janairu 2024 kuma aka ƙara inshorar lafiya ta kowa da kowa, AMU, kashi 10, rabi na maigida rabi na ma'aikaci.

Mu buga misali da direba mai jaka 60 a wata. Za a yanke masa 2,400 na kes da 3,000 na lafiya, ya karɓi 54,600 a hannu. Kai kuma ka ƙara 10,500 da 3,000. Ke nan direban jaka 60 yana cin maka 73,500 a wata, kuma abin da za ka kai ofis ya kama 18,900. A shekara ya zama 226,800. Wanda ya bari wannan ya taru masa har Disamba, sai ya kama sa daga turke ya sayar kafin ya biya, ga kuma tarar jinkiri a kai.

Harajin albashi kuwa, wanda ake kira IRPP, ba ya taɓa sefa 900,000 na farko a shekara. Direbanmu na misali ya samu 720,000 ne, don haka ba a yankar masa komai. A nan ne da yawa daga cikinmu ke tafka kuskure, su ce tunda babu abin biya, babu abin rubutawa. Ba haka ba ne. Takardar bayanin albashi ta shekara, wadda ake kira DAS, ana shigar da ita a OTR kafin 31 ga Janairu ya wuce, kuma a cikinta ake jera kowane ma'aikaci da abin da ya samu da abin da aka yanke masa, ko da sifili ne. Idan kuwa akwai wanda albashinsa ya kai a yanka, abin da aka yanka ana kai shi ne wata-wata, kafin 15 ga watan da ke biye ya wuce. Takardar ƙarshen shekara tana tattara watannin 12 ne wuri ɗaya, dole kuma alƙaluman su dace da juna. A tuna cewa ɗakin kwana da maigida ya ba yaro kyauta, shi ma doka na ƙirga shi cikin abin da ya samu.

Wani zai ce, "Mu da muka gaji sana'ar nan kan amana, mene ne na takarda?" Gaskiya ne, amana ce jarinmu. Amma ka tuna hanyar Dapango zuwa Lome ta haura kilomita 600, ga hawan Alejo, ga tafiyar dare. Ranar da mota ta kife, ko sa ya soki yaro wurin lodi, idan sunansa na kes, kes ce ke ɗaukar magani da diyya. Idan babu, kai ne da iyalinsa da kotu. Haka nan fansho: sai mutum ya kai shekara 60 da zubin wata 180 kafin ya ci cikakke. Duk watan da ba ka zuba ba, daga abincin tsufan yaronka ka rage. Sannan duk ranar da ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka haraji, don neman kwangilar kai shanu ko rance a banki, nan ne tsohon bashi ke tare maka hanya.

Shawara ita ce, a sayi littafi ɗaya na albashi kawai, kada a cakuɗa shi da na cinikin shanu. Kowane yaro da shafinsa: suna kamar yadda yake a katin shaida, lambarsa ta kes, ranar da ya kama aiki, abin da aka ba shi, da sa hannunsa ko dangwale. Bashin da ya ci a tsakiyar wata a rubuta shi gefe. Rasit na kowane wata a ajiye cikin jaka guda. Da zarar Disamba ta ƙare, a tara jimla, a tafi ofis a makon farko na Janairu tun layi bai yi tsawo ba. Wanda bai iya Faransanci ba ya tafi da ɗansa ɗan boko ko ya nemi akawu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: kada a sa hannu kan takardar da ba a karanta wa mutum ba.

Allah ya sa albarka a dukiya, ya kare mu a kan hanya, amin.