Wane Irin Hali Ke Sa Mai Koyon Jinyar Ƙwaƙwalwa Ta Hanyar Tattaunawa Ya Ƙware?

A watan Disambar 2020 'yan bindiga sun sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Faskari da Sabuwa ma hare-hare sun raba iyalai da yawa da muhallansu. Wanda ya tsira yakan dawo da ciwon da ido ba ya gani: rashin barci, munanan mafarkai, da razana in ya ji ƙarar babur. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci, shi ya sa shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙarfafa horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. To, wa ya fi dacewa da wannan aiki?

Abin da bincike ya nuna

Tun a 1957 masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers na Amurka ya jaddada abubuwa uku: fahimtar halin da majinyaci ke ciki, karɓarsa ba tare da yanke masa hukunci ba, da gaskiya a mu'amala. A 2009 Timothy Anderson da abokan aikinsa sun gwada yadda masu wannan aiki ke amsa wa majinyaci mai wuyar sha'ani. Waɗanda suka amsa cikin natsuwa da tausayi, majinyatansu sun fi samun sauƙi. A Norway kuma, binciken Helene Nissen-Lie ya nuna cewa mai yawan tuhumar aikinsa yakan fi wanda ke ganin ya gama iyawa.

Hali kaɗai bai isa ba

Mai fara'a yakan saba da mutane da wuri, amma yana iya cika ɗakin da surutu. Mai kawaici ya iya sauraro, sai dai kunya na iya hana shi tambayar majinyaci ko yana tunanin kashe kansa, alhali tambayar na ceton rai. Mai saurin tausayi kuwa yakan gaggauta cewa “a yi haƙuri”, sai uwar da aka kashe wa ɗa ta yi shiru tun ba ta faɗi damuwarta ba.

Duk waɗannan ana gyara su da horo: gwajin tattaunawa tsakanin ɗalibai, sa idon ƙwararre, da karɓar gyara. Riƙe sirri kuwa wajibi ne, musamman a garin da kowa ya san kowa.

Idan kai ko wani naka na fama da waɗannan alamomi fiye da wata guda, a je asibiti mafi kusa.