Kwana Uku da Ke Yanke wa Fim Hukunci a Hollywood

A Amurka, yawancin manyan fina-finai ranar Juma'a ake sakin su a gidajen sinima. Kuɗin tikitin da aka tara daga wannan Juma'a zuwa daren Lahadi shi ne adadin da masana'antar Hollywood ta fi zuba wa ido, kuma da shi ake fara cewa fim ya karɓu ko ya faɗi. A lissafinsu, Amurka da Kanada kasuwa ɗaya ce, ita ce kasuwar gida. Cinikin sauran ƙasashe daban ake rubuta shi. Fim ɗin da aka shafe shekara uku ana aikinsa, aka zuba masa dala miliyan 200, kafin safiyar Litinin an riga an buga masa tambari, kuma tambarin kan bi shi ko da ciniki ya sauya daga baya.

Adadin da ake yaɗawa ranar Lahadi ba cikakken lissafi ba ne. Kamfanin Comscore ne ke tattaro cinikin dubban gidajen sinima, su kuma kamfanonin fim su ɗauki abin da aka samu Juma'a da Asabar, su yi kirdadon na Lahadi, su miƙa wa 'yan jarida tun da safe, kafin masu kallon ranar su bar gidajensu. Sai Litinin ainihin adadin ke fita, lokacin kuwa labari ya riga ya zagaya duniya. Akwai kuma wata dabara da ta zama al'ada: manyan fina-finai sukan fara nunawa tun yammacin Alhamis, kuma kuɗin wannan daren cikin na Juma'a ake zuba shi. Ke nan kwana ukun da ake faɗa sau da yawa kwana uku ne da ɗoriya.

Ba haka abin yake ba a da. Har zuwa farkon shekarun 1970, babban fim a gidajen sinima kaɗan na manyan birane irin su New York da Los Angeles ake fara nuna shi, ya yi makonni ko watanni a can, sannan ya gangara ƙananan garuruwa sannu a hankali. Sakin fim a ɗaruruwan gidaje lokaci guda, a wancan zamani, galibi alama ce ta cewa masu shi ba su yarda da shi ba, suna so su kwashi abin da ya samu kafin labarinsa ya bazu. Fim ɗin Jaws na Steven Spielberg ne ya juya wannan tunani. Kamfanin Universal ya sake shi ranar 20 ga Yuni, 1975, a gidajen sinima sama da 400, bayan ya kashe kimanin dala 700,000 a tallan talabijin kaɗai. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 7 a ƙarshen makonsa na farko, ya ci gaba har ya zama fim mafi ciniki a tarihi a lokacin. Sauran kamfanoni suka ɗauki darasi: a cika gari da talla, a buɗe ko'ina rana ɗaya. Yanzu babban fim kan fito a gidaje sama da 4,000.

Da yanayin sakin fim ya canza, yadda ake ba da labarinsa ma ya canza. Da can jaridun 'yan sana'a irin su Variety ne suka damu da ciniki. Daga shekarun 1980 sai shirye-shiryen talabijin da jaridun gama-gari suka fara kawo jerin fina-finai goma da suka fi ciniki kowane mako, wane ne na ɗaya, wa ya sauko. A 1998 aka kafa shafin Box Office Mojo, lissafin ya shiga hannun duk mai intanet. Daga nan kafa tarihi a makon farko ya zama gasa. Spider-Man ne fim na farko da ya haye dala miliyan 100 a ƙarshen mako guda, da miliyan 114 a 2002. The Avengers ya haye miliyan 200 a 2012, sannan Avengers: Endgame ya tara miliyan 357 a gida a 2019, da sama da biliyan 1.2 a duniya baki ɗaya a 'yan kwanakinsa na farko.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me wannan adadi yake aunawa. Mutumin da ya sayi tikiti ranar Juma'a bai ga fim ɗin ba tukuna. Abin da ya kawo shi shi ne talla, ko sunan jarumi, ko ƙaunar da yake yi wa kashi na baya, ko littafin da aka ciro labarin daga ciki. Cinikin makon farko shaida ce ta ƙarfin talla da ɗokin jama'a, ba ta daɗin fim ba. Kamar ranar buɗe sabon gidan abinci ne: cikar ranar farko gayya ce ta kawo ta, ita kuwa miya sai a mako na biyu ake sanin ko ta yi daɗi. Shi ya sa fim mai ci gaban labarin da aka riga aka sani ya fi sabon labari buɗewa da ƙarfi, shi ya sa kuma kamfanoni suka fi son zuba kuɗi a kashi na biyu da na uku da na huɗu.

Ba ma adadin shi kaɗai ake dubawa ba, ana gwada shi ne da abin da aka sa rai. Makonni kafin fim ya fito, kamfanonin bincike irin su National Research Group sukan tambayi jama'a ko sun ji labarinsa, ko suna da niyyar kallo, ko shi ne zaɓinsu na farko. Daga amsoshin ake fitar da hasashe, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hasashen kan fita jarida, ya zama ma'auni. A Nuwamba 2017, Justice League ya buɗe da kusan dala miliyan 94, aka kira shi abin takaici, domin an sa ran zai wuce miliyan 100, ga kuma kuɗin shirya shi da aka ƙiyasta ya kai miliyan 300. A farkon wannan shekarar, Get Out na Jordan Peele ya buɗe da miliyan 33, aka yi ta jinjina masa, domin dala miliyan 4.5 kacal aka kashe wajen yin sa. Kamfanoni sun san wannan sarai, don haka sukan rage hasashen da suke faɗa wa 'yan jarida da gangan, yadda ranar Lahadi za a rubuta cewa fim ya zarce tsammani.

Ciniki kuma ba riba ba ne, abin da kanun labarai kan ɓoye ke nan. Kuɗin tikiti rabawa ake yi da masu gidajen sinima. A Amurka kamfanin fim kan tashi da rabi ko ɗan sama da haka, a ƙasashen waje kasonsa ya fi ƙanƙanta, a Chaina kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ga kuɗin talla, wanda ba ya cikin kasafin da ake sanarwa, kuma ga babban fim yakan wuce dala miliyan 100. Saboda haka 'yan sana'ar ke ƙiyasin cewa sai fim ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na kuɗin shirya shi kafin uwar kuɗi ta dawo. Fim na iya zama na ɗaya a mako, a buga hotonsa ko'ina, amma masu shi su kwana da asara.

Duk da wannan gurguntakar, adadin yana da ƙarfi na gaske, domin ana yanke shawara da shi. Ranar Litinin masu gidajen sinima ke tsara jadawalin mako mai zuwa; fim ɗin da ya buɗe da rauni sai a mai da shi ƙaramin zaure, a rage masa lokutan nunawa, a ba sabon fim babban zauren. Mai kallo da ya ji an ce fim ya faɗi yakan ce bari ya jira ya zo talabijin, hukuncin sai ya tabbatar da kansa. John Carter na kamfanin Disney ya buɗe da dala miliyan 30 a Maris 2012, alhali an kashe masa aƙalla miliyan 250. Cikin makonni biyu Disney ya sanar da cewa yana sa ran asarar miliyan 200, a watan Afrilu kuma shugaban sashen fina-finansa, Rich Ross, ya ajiye aiki. Kashi na biyu da na uku da aka tsara ba a ƙara maganarsu ba.

Masu bin harkar da kyau mako na biyu suka fi jira, domin a nan bakin masu kallo ke fara aiki. Tun daren Juma'ar farko kamfanin CinemaScore, wanda aka kafa a 1979, yakan raba wa masu kallo katuna a wasu biranen su ba fim maki daga A+ zuwa F, kuma makin kan nuna inda aka dosa. Saukar ciniki da kusan rabi a mako na biyu abu ne da aka saba. Idan ta kusa kashi 70 cikin ɗari, to akwai matsala. Batman v Superman: Dawn of Justice ya buɗe da dala miliyan 166 a 2016, ya sami makin B, ya faɗi da kashi 69 a mako na biyu, ya ƙare da miliyan 330 a gida. Wato rabin duk abin da zai samu a kwana uku ya same shi.

Titanic na James Cameron akasin haka ya yi. An yi ta yaɗa labarin jinkiri da kashe kuɗi, dala miliyan 200, har wasu suka ɗauka zai nutsar da kamfanonin da suka ɗauki nauyinsa. Ya fito ranar 19 ga Disamba, 1997, ya tara miliyan 28.6, adadi mai kyau amma ba na fitar da irin wannan jari ba. Sai ciniki ya ƙi sauka. Mutane suka riƙa komawa kallo na biyu da na uku, suna jan 'yan uwa da abokai. Ya yi mako 15 a jere yana na ɗaya, ranar da ya fi ciniki kuma ita ce 14 ga Fabrairu, 1998, kusan wata biyu bayan fitowarsa. Ya rufe da miliyan 600 a gida, ninki sama da ashirin na makon farko. The Greatest Showman ma haka: miliyan 8.8 a Disamba 2017, aka fara yi masa ta'aziyya, ya ƙare da miliyan 174. Elemental na Pixar ya buɗe da ƙasa da miliyan 30 a Yuni 2023, jaridu suka sa shi cikin jerin faɗuwar shekara, amma iyalai suka ci gaba da zuwa, Koriya ta Kudu ta rungume shi, har ya kusa miliyan 500 a duniya. Labarin farfaɗowar bai samu yaɗuwar da labarin faɗuwar ya samu ba.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san wani misali. Sholay ya fito ranar 15 ga Agusta, 1975, makonninsa na farko suka yi sanyi, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, har darakta Ramesh Sippy da abokan aikinsa suka tattauna sake ɗaukar ƙarshen don kada Jai, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, ya mutu. Ba su sake ba. Fim ɗin ya tashi da kansa, ya yi sama da shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. A Indiyar wancan lokaci tsawon zama a sinima ne ma'auni, mako 25 ko mako 50. A yau can ma cinikin ranar farko ake fara tambaya. Wasu fina-finan kuwa bayan sun bar sinima suke samun masoya. The Shawshank Redemption kusan dala miliyan 16 ya tara a zagayensa na farko a 1994, ƙasa da kuɗin shirya shi, amma kaset ɗin haya da talabijin suka raya shi, har ya daɗe a saman jerin fina-finan da masu amfani da shafin IMDb suka fi yabawa.

Akwai wasu gurabu biyu a lissafin. Amurka dala take ƙirgawa, ba mutane ba, saɓanin Faransa da ke ƙirga yawan tikiti. Tunda farashi na hawa, ga kuma ƙarin kuɗi a manyan majigai irin na IMAX, sabon tarihi na iya kafuwa da masu kallo ƙasa da na da. Idan aka daidaita da hauhawar farashi, Gone with the Wind na 1939 ne har yanzu a sama. Sannan kasuwar gida ba ita ce duniya ba. Warcraft ya buɗe da dala miliyan 24 a Amurka a 2016, ya tsaya a miliyan 47, amma a Chaina kaɗai ya tara sama da miliyan 200.

Annobar korona ta ƙara wa makon farko nauyi maimakon ta rage. Kafin 2020, al'adar ita ce fim ya yi kusan kwana 90 a sinima kafin a sake shi don kallo a gidajen mutane, wanda ke ba mai tashi a hankali damar tashi. A Yulin 2020 Universal ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin gidajen sinima na AMC da ta rage wa'adin zuwa kwana 17. A Nuwamba na shekarar ya ƙulla wata da Cinemark, inda aka rubuta cinikin makon farko cikin sharuɗɗan: fim ɗin da ya buɗe da dala miliyan 50 ko fiye zai yi aƙalla kwana 31 a sinima kaɗai, wanda bai kai ba kuwa kamfanin na iya kai shi intanet don haya bayan kwana 17.