Hukuncin Sayar da Hotuna ta Hannun Kamfanonin Dillancin Hoto na Intanet

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tambayoyi sun yawaita daga matasanmu na Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye da su a kan wata sana'a da ta shigo tare da wayar hannu. Mutum ya ɗauki hoto, ya ɗora shi a kamfani irin su Shutterstock ko Adobe Stock ko Getty Images, duk wanda ya sauke hoton ya biya, kamfanin ya ba mai hoton kasonsa. Masu tambaya suna son sanin abu uku: shin kuɗin halal ne? Idan aka yi amfani da hoton wajen saɓon Allah, akwai laifi a kaina? Mene ne hukuncin hotunan 'yan gudun hijira da na waɗanda harin 'yan bindiga ya rutsa da su, tunda su jaridun waje suke nema? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, da yardar Allah.

Yadda cinikin yake

Ya ɗan'uwa, malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa. Kamfanin nan dillali ne tsakaninka da mai saye. Hoton yana nan a matsayin mallakarka, abin da ake sayarwa shi ne izinin amfani da shi, shi ya sa hoto ɗaya yana iya sayuwa sau ɗari ga mutum ɗari. Izinin iri biyu ne. Akwai na talla, wanda kamfani zai sa hoton a jikin kayansa ko allon tallarsa; wannan ba a karɓarsa idan ana gane fuskar mutum a ciki sai da takardar amincewa da ya sa wa hannu. Akwai kuma na labarai, wanda jaridu da mawallafa littattafai suke saye. Wannan kamfanin ba ya neman takardar kowa.

Game da kaso kuwa, Adobe Stock yana ba mai hoto kashi 33 cikin 100. Shutterstock, tun watan Yuni na 2020, yana biyan tsakanin kashi 15 zuwa 40 gwargwadon yawan cinikin mutum, kuma kowace shekara a farkon Janairu kowa yana komawa matakin ƙasa. Sau da yawa abin da ke shigowa a kan saukewa ɗaya santi 10 ne na dalar Amurka, wato naira 150 idan dala tana naira 1,500. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka ka sayar da akuyar gida ka sayi kyamara da zaton arziki na dare ɗaya.

Asalin hukuncin hoto

Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi, haramcin da aka haɗu a kansa yana kan mutum-mutumi mai inuwa, cikakken gaɓoɓi, na mutum ko dabba. Zanen da ba shi da inuwa, kamar na takarda ko bango, makaruhi ne idan ana girmama shi, barinsa kuma ya fi ko da ana wulaƙanta shi. Hoton bishiya da gini da kogi babu saɓani a kan halaccinsa. Wani mai sana'ar zane ya taɓa zuwa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana kukan cewa da wannan yake ci, sai ya nuna masa ya koma zanen itatuwa da duk abin da ba shi da rai.

Da kyamara ta zo, malamai sun rabu. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya ɗauke ta a matsayin tsare inuwar abin da Allah Ya halitta, kamar yadda madubi yake nunawa, don haka ya halatta. Shaihu Ibn Baz da kwamitin fatawa na Saudiyya sun hana hoton mai rai sai da lalura, kamar na fasfo da katin shaida. Shaihu Ibn Usaimin ya ga cewa ɗaukar hoto nan take bai shiga surantawar da hadisi ya hana ba, amma hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta.

Abin da muke gani shi ne, wanda ya tsaya kan hotunan abin da ba shi da rai ya fita daga saɓanin gaba ɗaya. Ƙasar Gobir kuwa ba ta rasa irin wannan ba: rumbunan gero, gonakin albasa da shinkafa a fadamar Rima, tukwane da tabarmi da kayan ƙira, gine-ginen ƙasa, kufan Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Wanda ya bi malaman da suka halatta hoton mai rai ba za mu ce ya yi ɓarna ba, matuƙar ya kiyaye sharuɗɗan da ke tafe.

Shin hoto dukiya ce da ake sayarwa?

E, dukiya ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi, ana iya cinikinsu, kuma haramun ne a keta su. Kason da kamfani yake cirewa la'adar dillali ce. Wasu magabata sun fi son a yanka wa dillali lada sananne tun farko, amma da yawa daga malaman zamani sun yarda da kaso cikin ɗari, saboda ɓangarorin biyu sun san shi kafin a ƙulla, kuma ba ya kai ga husuma. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka karanta yarjejeniyar, ko ka sa amintacce ya karanta maka, kafin ka danna amincewa, domin musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka.

Daga nan kuma sai ka gane cewa ɗaukar hoton wani daga WhatsApp ko Facebook ka ɗora da sunanka cin dukiyar mutane ne da ƙarya. Haka rubuta bayanin bogi a ƙarƙashin hoto, a ce na Isa ne alhali na Maradi ne, ko a ce na bana ne alhali ya shekara biyar. Haka yin ƙarya game da ƙasar da kake zaune don kauce wa haraji. Amurka tana cire kashi 30 daga cinikin da aka yi da masu saye na ƙasarta idan mai hoton ɗan Najeriya ne, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu. Abin da ciwo, amma ba ya halatta ƙarya.

Idan aka yi saɓo da hotona fa?

Nan ne damuwar masu tsoron Allah ta fi yawa, kuma suna da gaskiya, domin ba ka ganin mai saye. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi, kuma malamanmu na Malikiyya sun fi kowa riƙo da toshe ƙofar ɓarna: sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, da sayar da makami a lokacin fitina. To amma sun rataya hanin a kan sani ko rinjayen zato. Manomin da ya kai dawa kasuwa ba a ɗora masa laifin wanda ya saya ya yi burkutu da ita a ɓoye.

Sai ka auna hotonka da wannan ma'auni. Hoton rumbu ko raƙumi ko kwandon tumatir, galibin amfaninsa halal ne, don haka babu komai a kanka ko da wani ya karkatar da shi ba da saninka ba. Hoton da galibin masu nemansa masu ɓarna ne, kamar mace cikin ado da bayyana tsiraici, ko kwalaben giya, ko shagon caca, wannan haramun ne tun daga ɗaukarsa. Kamfanonin suna hana masu saye amfani da hoto wajen batsa ko ɓata suna, amma wannan hanin bai rufe duk abin da shari'a ta hana ba, kamar tallar bashin ruwa. Saboda haka ka guji ɗora hoton Alƙur'ani ko allon karatu mai ayoyi a ƙarƙashin izinin talla, domin yana iya ƙarewa a jikin kwali ko ledar da za a jefar a juji. Wasu kamfanonin kuma suna ba da hotunan masu ɗorawa don horar da kwamfutoci masu ƙirƙirar hoto. Shutterstock ya ƙulla irin wannan da OpenAI. Ka duba saitin asusunka, idan zuciyarka ba ta natsu ba ka cire kanka inda aka ba da dama.

Hoton mutane, musamman waɗanda musiba ta afka wa

Ya ɗan'uwa, ka saurara da kyau a nan. Cewa kamfani ba ya neman takardar amincewa a hoton labarai bai sauke maka haƙƙin bawan Allah ba. Suratul Hujurat ta hana leƙen asiri da cin naman ɗan'uwa, Suratun Nur ta hana shiga gidajen mutane ba da izini ba, ta kuma yi umarni da runtse ido. Matar da ta gudo daga ƙauyensu da goyo a baya, tana kwana a makarantar firamare ko tana hanyar Gidan Rumji, ba haja ba ce. Tsohon da jiya yake ciyar da gida talatin, yau yana layin karɓar tallafi, yana da mutuncin da ya fi santi 10.

Mun ga abin da ya faru. An kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020. An ƙona matafiya a cikin mota a watan Disamba na 2021. A watan Agusta na 2024 bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, Allah Ya jiƙansa, ya zaga duniya yana hannun waɗanda suka sace shi. Kowane ɗayan waɗannan yana da 'ya'ya da iyaye da suke cin karo da hoton nasu a wayoyin mutane har gobe. Haramcin mumini bayan mutuwarsa kamar haramcinsa ne yana raye, don haka hoton gawa da na tsiraicin wanda aka raunata ba ya halatta a mai da shi abin ciniki.

Wannan ba ya nufin a ɓoye zalunci. Sanar da duniya halin da Gobir take ciki, don a kawo ɗauki, aiki ne na lada idan niyya ta gyaru. Amma yana da sharuɗɗa. Ka nemi izinin mutum da harshen da yake ji, ka faɗa masa gaskiya cewa hoton zai shiga intanet, za a sayar, kuma ba ya gogewa. Yaro sai da izinin waliyyinsa. Wanda yunwa ta sa ya ce to don yana zaton kai ma'aikacin agaji ne, wannan ba yarda ba ce. Sa hannu ko dangwala yatsa a madadin wani a takardar amincewa shaidar zur ce. Idan hoton zai isar da saƙo ba tare da fuska ba, kamar rumbun da aka ƙone ko gidan da aka watse aka bari, to ka wadatu da shi. Idan kuma ka samu wani abu ta dalilin mutum, kyautatawa ce ka tuna da shi.

Sai batun rai, wanda ya fi duka. A yankin da ake kashe mutum saboda zargin ba da rahoto, hoton fuskar ɗan sa-kai, ko wurin da jami'an tsaro suke, ko hanyar da mutane suke bi su tsira, yana iya zama sanadin jinin musulmi. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, ka kashe wannan. Kai ma kada ka jefa kanka cikin halaka don neman hoton da zai yi kasuwa. Kare rai yana gaba da neman dukiya a wurin dukkan malamai.

A taƙaice

Sana'ar halal ce a asalinta. Mafi tsarkinta hoton abin da ba shi da rai. Hoton mutane yana halatta a wurin malaman da suka halatta shi, da sharaɗin sutura da izini na gaskiya da rashin cutarwa. Hoton tsiraici, da na gawa, da na sata, da wanda zai jefa wani cikin haɗari, kuɗinsa haramun ne. Wanda ya riga ya ɗora irin wannan, ya sauke shi daga asusunsa, ya tuba, ya nemi yafewar masu haƙƙi idan zai iya kaiwa gare su, ya fitar da abin da ya samu ta wannan hanya ga mabuƙata. Abin da ya taru na halal kuwa a haɗa shi da sauran kuɗi, idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo a fitar da zakka.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadatar da mu da ita daga haram, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Wallahu a'alam.