Yadda Masana Ke Tace Awon Teku Ba Tare Da Sun Zubar Da Tsaba Ba

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na fuskar duniya, kuma daga gare shi ne iskar damina take ɗauko mana danshin da ke zama ruwan sama. Shi ya sa masana ba su gajiya da awon zafinsa da gishirinsa. Tun daga wajen shekarar 2000 ake gudanar da wani shiri na ƙasashen duniya mai suna Argo, wanda ke da na'urori kusan 4,000 suna yawo cikin teku. Kowace na'ura takan nutse har zurfin mita 2,000, sannan ta taso tana awo, ta aika da sakamakon ta tauraron ɗan'adam. Tana yin haka sau ɗaya a kwana 10.

To, lambobin da ake samu ba sa zuwa a tsabtace. Igiyar ruwa takan girgiza na'ura, ko wani ƙaramin halittar ruwa ya maƙale a bakin ma'auni, sai lamba ɗaya ta fita daban da 'yan'uwanta. Ga shi kuma tsakanin wata na'ura da wata akwai tazarar kilomita 300 ko kusa da haka, inda ba a auna kome ba. Saboda haka aiki biyu ne a gaban masani: ya sheƙe ƙaiƙayi daga tsaba, kuma ya cike giɓin da aka bari.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta matsakaici, wadda 'yan aji ɗaya ma sun sani. A ce muna sauka da ma'aunin zafi cikin ruwa, muka sami digiri 27, 27, 35, 27, 27, 18, 18. Lambar nan 35 kuskure ce. Idan muka haɗa ta da maƙwabtanta biyu muka raba uku, za ta sauko kusa da 30. An rage ɓarnar, amma ba a kawar da ita ba. Yanzu mu duba inda 27 ta faɗo 18. Matsakaicin 27, 27 da 18 shi ne 24. Na 27, 18 da 18 kuwa 21. Ke nan mun ƙirƙiro zafin da ma'auni bai taɓa gani ba. Kamar magini ne aka ce ya toshe tsagar matakala, sai ya yaɓe ta duka ta koma gangare.

Faɗuwar nan kuwa gaskiya ce. A tekunan ƙasashe masu zafi, ruwan da rana ta ɗumama yana zaune ne a sama kamar mai a kan miya, ƙarƙashinsa kuma zafi yakan ragu da sauri, har a can ƙasa sosai ruwan bai fi digiri 4 ba. Zurfin wannan iyaka ba abin wasa ba ne. A gaɓar Ghana, tsakanin Yuli da Satumba, ruwan sanyi yakan taso sama ɗauke da abincin kifi, kuma lokacin ne masunta suke samun kamun sadin mai yawa. Guguwar teku ma daga ruwan ɗumin sama take samun ƙarfi. Wanda ya goge iyakar nan daga lissafinsa ya zubar da tsaba ya riƙe ƙaiƙayi.

Akwai dabarar da ta fi wannan, wadda masanin lissafi John Tukey na Amurka ya yaɗa a shekarun 1970. Maimakon a haɗa a raba, sai a jera lambobi uku daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya. Idan aka jera 27, 27, 35, ta tsakiya 27 ce, kuskuren ya ɓace ɗungum. A 18, 27, 27 za a sami 27, a 18, 18, 27 kuma 18. Matakala tana nan yadda take. Haka ma wajen cike giɓi: ba a jan miƙaƙƙen layi daga ruwan ɗumi zuwa na sanyi. Ana fara neman inda iyakar take, sannan a cike kowane ɓangare da lambobin ɓangarensa.

Amma fa ba kowace faɗuwa ce ta gaskiya ba. A tarihin awon zafin saman teku akwai wata faɗuwa ta kusan digiri 0.3 a ƙarshen 1945, wadda ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. A 2008 David Thompson da abokan aikinsa suka bayyana dalilinta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yawancin awon daga jiragen ruwan Amurka yake zuwa, su kuwa suna auna ruwan da ake zuƙowa don sanyaya inji, wanda yakan ɗan ɗumama. Da yaƙi ya ƙare sai awon jiragen Ingila ya yawaita. Su da bokiti suke ɗebo ruwa, iska ta ɗan huce shi kafin a auna, kamar yadda ruwan randa yake sanyi. Ashe teku bai canza haka ba, hanyar awo ce ta canza.

A nan ne kwamfuta take buƙatar hankalin mutum. Ita za ta iya nuna inda lamba ta yi tsalle, amma sai wanda ya binciki takardun jiragen zai san ko ruwa ne ya canza ko ma'auni. Don haka, ɗalibai, idan kuka ga wata lamba ta fita daban a ɗakin gwaje-gwaje, kada ku yi saurin goge ta don zanenku ya yi kyau. Ku rubuta ta yadda take, tare da lokaci da irin ma'aunin da kuka yi aiki da shi, sannan ku sake awo. Da masu jiragen 1945 ba su bar bayanin ƙasar da kowane awo ya fito ba, da ba a warware wannan matsala ba bayan shekara 63.