Me ya sa ruwan pompo ke kashe murjani a cikin akwatin gilashi?

A Faransa, Jamus, Amurka da Japan akwai mutanen da ke kiwon kifayen teku da murjani mai rai a cikin akwatin gilashi, a tsakiyar falonsu. Murjanin da muka sani a wuyan mata ƙashin wata halittar teku ce, kuma danginta ne ke gina manyan tsaunukan ƙarƙashin ruwa a Bahar Maliya da gaɓar Ostiraliya. Abin da ke fara ba sabon mai kiwo mamaki shi ne, ruwan da yake sha lafiya lau yana iya hallaka masa dabbobin da ya kashe maƙudan kuɗi ya saya.

Dalili kuwa shi ne murjani dabba ce mai laushin jiki, ba ta da sulke irin na kifi, duk abin da ke cikin ruwa yana taɓa ta kai tsaye. Ruwan da take rayuwa cikinsa a teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, amma kusan ba shi da taki ko kaɗan. Ruwan pompo kuwa an shirya shi ne domin cikin ɗan Adam. Ana zuba masa kulorin, sinadarin nan da ke cikin ruwan jabel, don ya kashe ƙwayoyin cuta. A garuruwa da yawa na Amurka kuma kuloramin ake sakawa, wanda ba ya fita ko an bar ruwan ya kwana a buɗe. Ban da wannan akwai nitrat da fosfat da ke gangarowa daga takin gonaki, da jan ƙarfe da ruwa ke gogowa daga bututun gida. Jan ƙarfe ko ɗan kaɗan ne guba ne ga murjani da jatan lande. Fosfat kuma yana hana murjani gina ƙashinsa, yana kuma ciyar da gansakuka har ta rufe shi ta tare masa haske.

Shi ya sa masu wannan kiwo suke cire komai daga cikin ruwan tukuna, sannan su mayar da abin da suke so bisa awo. Na'urar da suke aiki da ita matakai huɗu gare ta. Na farko matata ce da ke riƙe yashi, laka da tsatsa. Na biyu dunƙulen gawayi ne na musamman da ke tsotse kulorin, kuma dole ya zo da wuri, don kulorin yana cinye tantanin da ke mataki na gaba.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, abin da ake kira osmose inverse da faransanci. Ƙarfin pompo ne ke tura ruwa ta cikin wani tantani mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, ruwa ya wuce, gishiri da sauran sinadarai su tsaya. Masana biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su ne suka samar da tantanin farko mai amfani a jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjeles wajen shekarar 1960. Wannan dabarar ce ƙasashe irin su Saudiyya ke mayar da ruwan teku ruwan sha da ita, kuma ita ce wasu masu ruwan leda da na gora ke amfani da ita a garuruwanmu. Tantani mai kyau yana tare kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari na abin da ya narke a ruwa. Ɗan abin da ya kuɓuce, mataki na huɗu ne ke kama shi: wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu jawo ragowar sinadarai, waɗanda galibi ke sauya launi idan sun ƙoshi, alamar lokacin sauya su ya yi.

Ana duba sakamakon da wani ɗan ma'auni mai kama da alƙalami da ake tsomawa cikin ruwa. A ce ruwan pompo ya nuna 300, bayan tantani zai sauko wajen 6, bayan mataki na ƙarshe kuma ana son ganin 0. Daga nan sai a kawo gishirin teku na masana'anta, wanda ke ɗauke da kalsiyam da magneziyam da murjani ke gina ƙashi da su, a dama shi har ya kai giram 35 a lita, a kuma daidaita zafin ruwan tsakanin digiri 24 zuwa 26. Gishirin miya ba ya wannan aiki. Manyan gidajen kallon kifi da ke nesa da teku ma haka suke yi: na birnin Atlanta a Amurka, wanda aka buɗe a 2005, da ruwan gari da gishirin masana'anta yake haɗa ruwansa.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne wajen ciko. Kullum ruwan akwatin yana raguwa saboda tururi, amma gishiri ba ya tashi sama. Wanda ya cika da ruwan gishiri zai ga gishirin yana ta hauhawa. Wanda kuma ya cika da ruwan pompo, kowace rana yana ƙara tara dattin da ba ya fita, har ranar da zai tarar da akwatin ya yi kore. Da tataccen ruwa marar gishiri ake ciko, sannan a riƙa sauya kimanin kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako ɗaya ko biyu.

Wannan tsabta tana da farashi. Ƙaramar na'urar gida takan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ta ba da lita guda tatacciya. Masu lura suna tara wannan rarar su yi wanki ko su shayar da shuka da ita, maimakon su bar ta ta bi magudana.